Talabijin Ba Ta Nuna Gobir Yadda Take

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in yi kuka kan yadda gidajen talabijin ke ba da labarin Sabon Birni da Isa. Kullum abu biyu ne: ko jami'i ya tsaya gaban kyamara ya ce zaman lafiya ya dawo, ko a hasko bidiyon ɗan bindiga Bello Turji yana barazana. Manomin da ke biyan harajin 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, da uwar da ta tsallaka da 'ya'yanta zuwa jihar Maraɗi, ba safai ake jin muryarsu ba.

A watan Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci gidan talabijin na Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda wani shiri da gidan ya yi kan 'yan bindiga. Wane ɗan jarida ne zai ga haka bai ja da baya ba? Wannan tarar ta yi mini ciwo ƙwarai.

Mu ɗalibai wannan rashin sahihin labari ya fi shafa. Lokacin da gwamnatin Sakkwato ta katse layukan waya a nan a Satumban 2021, sai rediyo da waƙoƙin da ke cikin memori suka zama abokan hirarmu. A irin wannan duhun har waƙar yabon ɗan bindiga takan shiga wayoyin yara, ana tura ta hannu da hannu.

Ku turo wakilanku kasuwar Sabon Birni da makarantun Isa, su ji daga bakinmu.

Naku,
Wani ɗalibi, daga Isa