Saniya Tana da Ƙafa, Gidan Haya Ba Shi da Ita



A ƴan shekarun nan, duk inda aka zauna a kara, ko a Maraɗi ko Birnin Ƙonni ko Maigatari, sai ka ji an ɗauko zancen fili da bulo. Wane ya sayar da tirela biyu ya sayi fili, wane ya kafa shaguna a bakin titi. Ba mu ga laifin kowa ba. Manyanmu sun ga farin 1973 da na 1984, lokacin da mai garke ya kwana da arziki ya tashi da sanda. Mun ga watan Janairun 1994 da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Mun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ga kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin 2023 a Nijar. Wanda ya sha waɗannan, dole ya nemi inda zai jingina bayansa. Kuma harkar gida ba baƙuwa ba ce a sana'armu, domin tun zamanin da ake kora shanu a ƙasa zuwa Ibadan da Kumasi, maigida a zango da ɗakunan saukar baƙi ya kafa girmansa.

To amma abin da muke so mu ja kunnen juna a kai shi ne, gida ba saniya ba ne. Saniya in kasuwa ta ƙi a nan, sai ka kora ta gaba. In buƙata ta taso, ranar kasuwa ɗaya ta isa ta zama kuɗi. Gida kuwa inda ka dasa shi nan zai tsaya, kuma ranar da ka matsu ka sayar, ranar ce masu saye za su taya maka shi tayin wulaƙanci.

Saboda haka magana ta farko, kada a taɓa jari. Mun sha ganin mutum ya zuba uwar kuɗinsa a gini, gini ya kai linta kuɗi suka ƙare, ga Layya ta ƙarato ba abin da zai ɗaura ko rago goma. Ya tashi ba tsuntsu ba tarko, kango yana shan ruwan damina, shi kuma ya koma bin dillalai yana neman la'ada. Da riba ake gini, a hankali. Ɗaki biyu da aka rufa aka sa ƙofa sun fi ɗaki goma da ba kwano.

A kuma yi lissafi kafin a kira magini. Mu ɗauki misali: ka kashe sefa miliyan 6 a fili da ɗaki 4, kowane ɗaki jaka 10 a wata. Jaka 40 ke nan a wata, jaka 480 a shekara. Cire kuɗin wata biyu saboda gyara da lokacin da ɗaki zai zauna ba kowa, saura jaka 400. Sai ka yi shekara 15 kafin kuɗinka su dawo. Wanda ya saba juya kuɗinsa sau da yawa a shekara, in bai san da wannan ba, zai ga kamar an cuce shi. Ba cuta ba ce, haka harkar take. Gidan haya ajiya ce ta ranar tsufa da ta marayu, ba ya maye gurbin fatauci.

Magana ta biyu, ina za a gina? Mu masu tsallaka iyaka wannan tambaya ta fi shafarmu. Mutum yana iya shekara 20 yana sauka a Legas ko Akara har ya ɗauka gida ne, alhali dokar ƙasar ba ta ɗauke shi ɗan gida ba. A Gana, tsarin mulkin 1992 bai yarda baƙo ya mallaki ƙasa har abada ba, iyakarsa haya ta shekara 50. A Najeriya, dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnan jiha, abin da mutum ke samu takardar izinin zama ce. Kada kuma mu manta da korar baƙi da aka yi a Gana a 1969, da wadda aka yi a Najeriya a 1983. Masu dabba sun kora abin da za su iya korawa, masu gida kuwa sai dai suka bar makulli a hannun maƙwabci ko suka sayar da araha. Ga kuma zancen canji. Wanda ke karɓar haya da naira yana sayen shanu da sefa, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ya san abin da ya same shi, domin kuɗin haya sau ɗaya ake yanka su a shekara, canji kuwa kullum yana motsi. Shawararmu, gidan farko a yi shi a garin da iyali suke, inda kake da ƴanci da idon da zai duba maka.

Magana ta uku, takarda. A kara mun saba da tafa hannu, dillali ya sa albarka, shi ke nan ciniki ya faɗa. Wannan amana abin alfahari ce, amma ba ta aiki a kan fili. Fili ɗaya ana sayar ma mutum uku. Kafin ka ba da ko dala, je ofishin magajin gari ko na filaye da ƙafarka, a buɗe littafi a ga sunan wa ke kan lambar filin. In na gado ne, sai duk magada sun sa hannu, mata da maza, gaban shaidu da mai unguwa. In an gama, a mai da takarda da sunanka, ba sunan yaronka ko ƙanenka ba don wai kana kan hanya. Je ka ga filin da damina kuma, ba da rani ba. Ambaliyar 2024 ta rushe gidaje masu yawa a jihar Maraɗi, har tsohon masallacin Damagaram ya faɗi a wannan damina. Filin kwari yana da araha, amma araha ba ta ado.

Sai maganar ƴan haya, wadda ita ce ke sa furfura. Yadda ba ka sayen sa sai ka duba haƙori ka taɓa tozo, haka kada ka ba baƙo makulli sai ka san sana'arsa, da inda ya taso, da wanda zai tsaya masa. A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: nawa ne, yaushe ake biya, wa ke biyan wuta da ruwa, wa ke kwashe masai, wata nawa za a ba da sanarwa kafin tashi. Kowane biya a ba da rasit. In da hali, kowane ɗaki ko shago da mitarsa, domin yawancin faɗan gidan haya daga takardar wuta yake farawa. A tambayi dokar wurin game da kuɗin gaba. A Gana, alal misali, dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da na wata 6, ko da yake mutane suna ƙetare ta. In ɗan haya ya ƙi biya, kada a cire masa ƙofa ko a watsa kayansa waje, domin sai mai gaskiya ya koma mai laifi. A fara da mai unguwa, in ta ƙi a je kotu.

Abu mafi wuya shi ne dangi. Da an ji Alhaji ya gama gini, sai ɗan ƙanwa da surukin aboki su iso. In za ka ba ɗan uwa ɗaki don zumunci, ba shi da zuciya ɗaya, ka cire ɗakin daga lissafi. In haya ce, faɗa masa haya ce tun ranar farko. Abin da ke ɓata zumunci shi ne a bar magana a duhu, kai kana jiran kuɗi, shi yana ganin kyauta ce. Wanda zai riƙa karɓar haya in kana kan hanya kuma, yanka masa ladansa a fili, kamar yadda muke yanka ma makiyayi, ka ba shi littafi, ka duba littafin duk dawowa.

Mu ma kada mu zama azzalumai. Wanda ke biya a kan lokaci, yana share gida, ya fi ƙarin jaka 2 da za ka samu wajen wanda ba ka sani ba. In kwano ya yi yoyo a gyara kafin ruwa ya sauka, kuma a ware kuɗin wata ɗaya duk shekara don yaɓe da indararo. Mu da muka kwana a ɗakunan mutane a garuruwan da ba namu ba, mun fi kowa sanin darajar maigida na kirki.

Muna roƙon shugabannin rassa su sa wannan batu a zama na gaba, waɗanda suka riga suka gina su faɗa ma na baya abin da suka gani. Allah ya sa albarka a dukiyarmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.