Hajiya Kaka ma ta yi aikin soja

Jiya wani ɗan ɗakinmu nan Ibadan yana ta ƙorafin kewar gida, sai Hajiya Kaka ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta.

Lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, kakanmu yana bakin daga. Ita tana bariki da yara huɗu, tana suyar ƙosai, ba ta san ko mai gidan zai dawo ba. Bayan yaƙi, duk garin da aka tura shi, ta naɗe tabarmarta ta bi.

Duk 15 ga Janairu ana tuna sojoji. Matansu fa? A ganina su ma sun bauta wa ƙasa, ba kaki, ba albashi.

'Yan uwa, wanda tasa kakar ke raye ya kira ta yau.