Holan ba za ta iya rufe ƙofa ga baƙi ba

A 1950 mutanen ƙasar Holan miliyan 10 ne, a 2024 sun haura miliyan 18. Sai dai ba haihuwa ce ke ƙara yawansu yanzu ba. A farkon shekarun 1960 mace kan haifi 'ya'ya uku, yau adadin bai kai 1.5 ba, kuma tun 2022 mace-mace sun zarce haihuwa. Baƙi ne ke cike giɓin, kuma a ganina ƙasar na buƙatarsu, domin tsofaffi na ƙaruwa, masu aikin da za su kula da su kuwa ba sa isa, ko da yake an ɗaga shekarun karɓar fansho zuwa 67.

Masu adawa na cewa baƙi ne suka jawo ƙarancin gidaje. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma sun manta cewa ana jinkirta aure, tsofaffi kuma na daɗewa su kaɗai, har kusan gida huɗu cikin goma mutum ɗaya ne ke zaune a ciki. Ko an rufe iyaka gobe, wannan buƙata tana nan. Gina gidaje ne ya kamaci gwamnatin Holan.