Sharhi: Ɗan shekara 18 ya zama sarkin darar duniya, ina namu gwanayen suka tsaya?

Tun ranar da muka kawo labarin yaron nan na Indiya cikin labaran wasanni, duk fadar da muka zauna sai an tambaye mu: wai da gaske dara kawai ya buga aka ba shi kuɗɗi haka? Da gaske ne. Amma kuɗɗin su ne ƙarshen labari, mu farkonsa muke so mu duba tare, don akwai abin da ya shafe mu a ciki.

Darar da ake magana ita ce wadda ƴan lakwal ke kira eshek, Larabawa su ce shaɗaranj. Mu kan ce mata darar Turawa, alhali masana tarihi sun ce a Indiya ta samo asali, kusan shekara 1,500 da suka wuce. Allonta gida 64 ne, kowane ɗan wasa na da ƴaƴa 16: sarki, sarauniya, dawaki biyu, hasumiya biyu, wasu biyu masu tafiya a karkace, da dakaru takwas. Wanda ya ritsa sarkin abokin karawarsa har ya rasa mafita, shi ya ci.

Ranar 12 ga Disamba 2024, a Singafo, Gukesh Dommaraju ya kayar da Ding Liren ɗan ƙasar Sin, mai riƙe da kambu tun 2023. Wasa 14 suka buga, kowane kan ɗauki awa huɗu ko biyar, aka tashi maki bakwai da rabi da shida da rabi. Kuɗin gasar dala miliyan biyu da rabi ne, wajen miliyar ɗaya da rabi na sefa, suka raba shi da Ding. Yana da shekara 18, ya karya tarihin Garry Kasparov wanda ya hau wannan matsayi a 1985 yana ɗan 22.

To, wanga yaro daga ina ya ɓullo? An haife shi a birnin Chennai a 2006, ya fara dara yana ɗan bakwai. A 2013 aka yi gasar duniya a garinsu, ya je kallo, ya ga Magnus Carlsen na Norwe ya ƙwace kambu daga hannun Viswanathan Anand, ɗan garinsu kuma gwarzon Indiya duka. Yaron ya ƙudura a ransa shi zai maido da shi gida. Yana da shekara 12 da wata bakwai ya samu muƙamin babban gwani, wanda babu na sama da shi a darar. A Afrilun 2024 ya ci gasar fidda gwani ta mutum takwas a Toronto ta Kanada, wadda ke ba mutum damar ƙalubalantar mai kambu. A Satumba kuma ya ja ƴan wasan Indiya suka ɗauki zinariya a Budapest, shi kaɗai ya tara maki tara cikin wasa goma.

Masu bin wasan sun ce abu biyu suka bambanta salonsa. Na farko lissafi. Yau kusan duk yaron da ke koyon dara, kwamfuta ce ke nuna mishi motsin da ya fi. Malamin Gukesh, Vishnu Prasanna, ya hana shi dogara da ita har sai da ya zama babban gwani. Ya bar shi ya zauna gaban allo ya wahala da kansa, ya hango in na yi kaza za a mayar mini da kaza, har nesa. Shi ya sa in wasa ya rikice, inda wasu ke bin abin da suka haddace, shi sai ya dafe kai ya yi ta ƙirga. Salon yana da tsada, don yakan ci mishi lokaci har agogo ya matse shi, kuma a wasan gaggawa bai kai ƙarfin da yake da shi a dogon wasa ba.

Na biyu, ba ya son canjaras. A wasa na 6 da na 8 an samu damar a tashi kunnen doki kowa ya huta, ya ƙi, ko da yake matsayinsa a allo bai fi na Ding ba. Kuma faɗuwa ba ta karya mishi gwiwa. An kayar da shi a wasan farko, ya rama a na 3. Ya ci na 11, aka rama a na 12. A wasan ƙarshe kowa ya ɗauka canjaras za a yi, ƴaƴa kaɗan suka rage, shi yana da rinjayen dakare guda. Ya ci gaba da matsawa ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba, har a motsi na 55 Ding ya miƙa hasumiyarsa a yi musaya, bai lura ɗan karkatansa ya maƙale a kusurwa ba. Aka kwashe manyan ƴaƴa duka, dakaren nan guda ya yanke hukunci. Wasu sun ce sa'a ce. Mu dai mun san kowa ya ci zomo ya ci gudu. Da ya yarda da canjaras tun da wuri, ina kuskuren zai fito?

Sai dai mu faɗi gaskiya duka. Carlsen, wanda shi ne na ɗaya a jerin gwanayen duniya, da kansa ya ajiye kambun a 2023 ya ce ya gaji da kare shi. Saboda haka akwai masu ganin sarautar Gukesh da sauran tabbatarwa. Wannan muhawara ce ta masu abin, lokaci zai raba ta.

Abin da ya fi damunmu a nan shi ne darasin da za a ɗauka a karkace. Mun ji wani matashi na cewa ai shi ma Gukesh barin lakwal ya yi. E, ya daina zuwa aji kullum tun yana firamare. Amma ubansa likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, ya ajiye aikinsa ya riƙa yawo da shi gasa zuwa gasa. Uwarsa masaniyar ƙwayoyin cuta ce, albashinta ya riƙe gida, abokan arziki suka riƙa tara musu kuɗin tafiya. Garinsu cike yake da makarantun dara da gasa ta yara, ga Anand da ya buɗe cibiyar horar da matasa a 2020 ya ɗauke shi. Indiya na da manyan gwanaye sama da 80. Yaron da ya bar aji a Karofan ko Buza babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiransa. Iyaye, a kula.

Basirar kuwa muna da ita. Ku je gindin icce bayan la'asar ku ga dattawa gaban gurbi 30 da aka tona a ƙasa, kowa da ƴaƴansa 12, wannan da kara wancan da tsakuwa, ana neman jera uku. Wanda ya iya darar nan ya san hangen gaba da ɗana tarko da haƙuri, abin da Gukesh ke ci da shi ke nan. Haka samarin da ke buga dam a fada. Kuma Afirka ta Yamma ta taɓa fidda gwanin duniya: Baba Sy na Senegal, wanda ya cancanci karawar kambun dam a 1963 da Iser Kuperman na Tarayyar Sobiyet, aka ƙi yin wasan, sai bayan rasuwarsa aka amince da shi zakaran duniya.

To me ya sa gwanin darar ƙauyenmu ke tsufa ba a san shi ko a Madawa ba? Ku dubi kokawa. Tun 1975 da aka buɗe gasar ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, yaron da ke kayar da sa'o'insa a dandali ya san hanya: daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha, daga jiha zuwa takobi. Akwai alƙalai, akwai makaɗa, akwai rediyo. Tsani ne aka kafa, shi ya sa ake hawa. Wasan ƙwaƙwalwa a yankinmu ba shi da ko matakin farko.

Kafa matakin farkon nan bai buƙatar miliyoyi. Darar gargajiya ƙasa da tsakuwa take so. Allon dam ko na eshek, kafinta zai yi shi da guntun katako. Abin da ake nema shi ne malamin lakwal guda da zai ba da awa ɗaya a mako, dattijo guda da zai yarda ya koya wa yara har da ƴan mata, da ofishin magajin gari da zai sa rana bayan kaka, kafin samari su watse bida, a yi gasa tsakanin ƙauyuka a rubuta sunan wanda ya ci. In Karofan ta yi, Buza da Keta da Madawa suka yi, an samu gasar gundumomi ke nan.

Ba mu ce gobe za mu fidda zakaran duniya ba. Amma yaron da ya saba zama awa guda yana tunani kafin ya miƙa hannu, zai amfana da haka a aji da gona da kasuwa. Daga ɓangarenmu, duk ƙauyen da ya shirya gasa ya sanar da mu, za mu faɗi sunan gwaninsa a iska kamar yadda muke faɗin na ƴan kokawa. Sai mun ji daga gare ku.