Ranar da Kakana Ya Hana Ni Gudu

Zangon karatu ya kusa ƙarewa, kuma na san wasu makarantu a nan Katsina sun fara karɓar kuɗin yawon buɗe ido. Kafin ku hau mota, ga tambaya: idan kana tafe a daji ka yi kiciɓis da kura ko zaki, me za ka yi? Na yi wa wani aji wannan tambaya, suka haɗa baki suka ce, "Ƙafa me na ci ban ba ki ba!" To, wannan amsar ita ce za ta iya halaka mutum.

Ina ɗan shekara 13 aka kai ni hutu wurin kakana, a wani ƙauye da ke bakin dajin Rugu ta wajen Safana. A lokacin daji lafiya lau yake. Wata rana akuya ta ɓace, muka bi sawunta har magariba ta kawo jiki. Muna karyo kwanar wani dutse sai ga kura tsaye, tsakaninmu bai fi taku ashirin ba. Ba irin wadda kuke gani da takunkumi a hannun gardawa ranar Sallah ba. Wannan bakinta a sake yake.

Ƙafata ta ɗaga da kanta. Kakana ya damƙe wuyan hannuna ya ce, "Kar ka kuskura." Ya jawo ni jikinsa, ya ɗaga sanda sama, ya daka mata tsawa. Muka riƙa ja da baya sannu a hankali, idonmu a kanta. Ta dube mu, ta shinshina iska, ta juya ta shige duhuwa. Akuya dai ba mu same ta ba, amma mun kwana a gida.

Hausawa na cewa in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A daren nan sa gudu ya zo, tsoho kuma ya ƙi gudu. Sai da na girma na gane lissafinsa.

Mu ɗauko alƙalami. Usain Bolt na ƙasar Jamaika ya ƙare tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009. A ƙololuwar gudunsa yana yin kusan kilomita 44 a awa. Kura tana kai kilomita 60 a awa, kuma ba ta saurin gajiya. Zaki a ɗan gajeren zango yana kai wajen 80. Idan Bolt ba zai tsira ba, ina kai da takalmin makaranta?

Bayan haka, dabba mai farauta ta saba cewa duk abin da ya juya baya ya ruga, abinci ne. Barewa gudu take yi, haka ma gada. Da zarar ka zura, ka sa kanka a layinsu. Wanda ya tsaya ƙyam ya fuskance ta kuwa, sai ta yi shakka, domin ita ma tsoron rauni take ji. Kurar da ta karye ba mai kawo mata abinci.

Saboda haka ku riƙe waɗannan. Kada ka gudu, kada ka juya baya. Kada ka tsuguna ko ka kwanta ka ce ka mutu, kura ai mushe ma ci take yi. Ɗaga hannu, ko jaka, ko sanda, don ka ƙara girma a idonta. In kuna da yawa ku dunƙule wuri guda, ƙanana a tsakiya, tunda sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ku ja da baya a hankali, ku bar mata hanyar wucewa, don dabbar da aka tsare ta fi kowace haɗari. In ta matso, ku yi ihu da ƙarfi. Idan kuma kun ga 'ya'yanta, ku bar wurin nan take. Uwar tana kusa.

Masu zuwa Yankari ta Jihar Bauchi, ku sani ba gidan zu ba ne. Daji ne mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,200, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Shi da dajin Kainji ne kaɗai suka rage da zakuna a Najeriya, su ma 'yan ƙalilan. Da wuya ku ga zaki, amma za ku sha ganin gwaggon biri a sansanin Wikki, mai fizge abinci daga hannun mutum. Kada ku ci abu a gabansa, kada ku tsokane shi. Kada kowa ya sauka daga mota don ɗaukar hoto sai jagora ya ce, kuma ban da yawo da asuba ko bayan magariba, lokacin da masu farauta ke fita.

Shi kuwa dajin Rugu, kun san halin rashin tsaro da ake ciki. Ba wurin zuwa ba ne a yanzu, ko da rakiya. Allah ya dawo mana da zaman lafiya.

Aikin gida: ku tambayi wani tsoho a gidanku ko ya taɓa gamuwa da kura, da yadda suka rabu. Ku rubuto mana. Labarin da ya fi kyau za mu buga shi a wannan shafi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.