Kafin a Sallami Yaro, a San Hannun da Zai Faɗa



A bara wata baiwar Allah 'yar unguwarmu ta rasu, ta bar ɗanta mai shekara 6 kwance a asibiti da ciwon sikila. Uban ya daɗe da rasuwa, dangi kuma suna can arewa. Da yaron ya samu sauƙi aka sallame shi, wata maƙwabciya mai tausayi ta goya shi zuwa gida. An ba ta takarda da Turanci, ita kuwa ba ta iya karatu ba. Ranar komawa ganin likita ta wuce ba ta sani ba, maganin ya ƙare ba ta sake saye ba. Bayan wata biyu muka mai da shi ranga-ranga. Allah ya yi da sauran kwanansa.

Ban ga laifin matar nan ba. Laifinmu ne mu shugabannin jama'a da muka bar ta ita kaɗai.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Amma riƙon yaro mai lafiya daban, riƙon mai ciwo daban. Mai sikila yana bukatar magani kullum, da shan ruwa da yawa, da kariya daga sauro, kuma da zarar jikinsa ya yi zafi sai asibiti, ba jira. Wanda ba a koya wa wannan ba, tausayinsa kaɗai ba zai tsare ran yaro ba.

Doka tana tare da mu. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda Jihar Legas ta kafa irinta a 2007, ta ce maslahar yaro ita ce gaba da komai. Ta tanadi kotun iyali wadda ke ba mutum izinin riƙo a rubuce, bayan jami'an jin daɗin jama'a sun bincika gidansa. Ta kuma raba riƙo da mayar da yaro ɗan cikinka, don haka kada wani ya ji tsoron za a sauya masa nasaba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabilarsa ko asalin garinsa. Marayan da aka haifa a Agege ko Idi-Araba haƙƙinsa ɗaya da na kowa.

Wasu za su ce me ya kai mu kotu, tunda kakanninmu sun yi riƙo ba takarda? Gaskiya ne, amma su a cikin dangi suke. Mu nan baƙunta muke. Ranar da yaro zai bukaci ƙarin jini ko tiyata, za a tambayi mai ikon sa hannu. Ranar da 'yan sanda za su tare ki a hanyar Kano da yaron da ba naki ba, takarda ce za ta yi miki magana.

Shawarata uku ce. Na farko, kada a karɓi yaro daga asibiti sai an ga jami'in jin daɗin jama'a na wurin, an karɓi takardar sallama, an kuma yi wa mai riƙo bayanin magani da harshen da take ji. Na biyu, ƙungiyarmu ta rubuta sunayen gidajen da suka yarda su riƙe irin waɗannan yara, tare da mai karatu da zai riƙa raka su. Na uku, mu ware wani abu daga kuɗin wata-wata don magani da kuɗin mota.

Za mu kawo maganar a taron wata mai zuwa. Iyaye mata, ku zo, don ku ne kuke ɗaukar nauyin. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya lafiya, amin.

Sakataren Ƙungiya