Cinikin Biri a Sama: Sayen Tsohuwar Mota ta Gwanjon Intanet

Gwanjo ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. A da, idan gwamnati za ta yi gwanjon motocinta da suka tsufa, mai saye yakan zo da bakanikensa. Sai a buɗe bonet, a tayar da inji, a saurari kukansa, a leƙa ƙarƙashi, sa'an nan a yi tayi. Yau kuwa mutum yana zaune a Kano ko Maraɗi, da wayarsa a hannu, sai ya taya motar da ke ajiye a wani fili a jihar Texas ta Amurka, alhali bai taɓa ganin komai nata ba sai hoto. Wannan shi ne abin da magabata suka kira cinikin biri a sama, kuma ya kamata a tsaya a dubi abin da ke cikinsa kafin dukiyar mutane ta ci gaba da salwanta.

Da farko, sai a tambaya, wace irin mota ce ake kai wa wannan gwanjo? Manyan kamfanonin da ke wannan harka a Amurka su ne Copart da IAA, kuma yawancin motocin da suke sayarwa daga kamfanonin inshora suke fitowa. Idan mota ta yi haɗari, ko ta ƙone, ko ruwa ya ci ta, kamfanin inshora yakan ƙiyasta kuɗin gyaranta. In ya ga gyaran ya kai wani kaso na darajar motar, wanda a jihohi da dama kashi 75 ne cikin 100, sai ya biya mai ita diyya, ya karɓe ta, ya tura ta gwanjo da takardar da ke nuna cewa ta lalace. Watau wanda ya fi kowa sanin motar ya riga ya yanke hukuncin cewa gyaranta asara ne. Arahar da mai saye ke gani daga wannan hukunci ta samo asali.

Mafi munin lahani shi ne wanda hoto ba ya nunawa, kuma babu kamar na ambaliya. Guguwar Sandy ta 2012 ta lalata motoci wajen 250,000 a gabashin Amurka, ta Harvey kuwa da ta auka wa birnin Houston a 2017 ta lalata fiye da 400,000. Motar da ruwa ya shanye, in an wanke ta an goge, sai ta yi ƙyalli kamar sabuwa. Amma ruwan ya riga ya shiga wayoyin lantarki da ƙwaƙwalwar inji, kuma in na teku ne, gishirinsa zai yi ta cin ƙarfe a hankali. Bayan wata shida ko shekara sai motar ta fara mutuwa a kan hanya ba gaira ba dalili. Haka nan motar da shasinta ya lanƙwashe, ko wadda jakar iskar da ke kare direba ta riga ta fashe aka rufe gurbinta. Irin wannan aibi ya wuce asarar kuɗi, ya kai ga rai, domin sai ranar haɗari ake gane shi.

Sharaɗin cinikin ma ya isa abin tsoro. Ana sayar da motar ne a yadda take, babu lamuni, babu mayarwa. Ko da an rubuta cewa tana tashi tana tafiya, ma'anar ita ce ta tashi ta motsa a ranar da aka shigar da ita filin. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan cinikin garari, watau sayen abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma sun bai wa mai saye ikon mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. A wannan kasuwa mai saye yana sa hannu ne a kan ya yafe wannan iko tun kafin ya yi tayi.

Bugu da ƙari, kuɗin da aka sallama motar a kansa somin taɓi ne. Akwai la'adar kamfanin gwanjo, da ta dillalin da ke da lasisin tayi, da kuɗin ajiya in an yi jinkirin ɗauka, da na jan motar zuwa bakin teku, da na jirgin ruwa zuwa Legas, da harajin kwastan, sa'an nan gyara. Mafi yawan waɗannan da dala ake biya. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya yi lissafinsa da tsohon farashi, motarsa na tsakiyar teku lissafin ya rushe.

A cikin gida kuma akwai wani tarkon. Hukumar Kwastan ta Nijeriya ta fara gwanjon intanet a 2017, kuma tun daga nan mazambata suke buɗe shafukan ƙarya a Facebook da sunan jami'anta. Sukan sa hoton mota mai tsada da farashin banza, su ce a biya kuɗin fom a asusun wani mutum. Da kuɗi ya shiga, sai wayar ta daina shiga.

Wani zai ce ai mutane da yawa sun sayi mota ta wannan hanya sun ci riba, kuma talaka ba shi da halin sabuwa. Wannan gaskiya ne. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Saboda haka ba hana cinikin ake nema ba. Sai dai waɗanda suka ci ribar galibi 'yan kasuwa ne masu sayen motoci da yawa, waɗanda in ɗaya ta ɓaci sauran za su rufe asarar. Malamin makaranta da ya tara albashin shekaru don mota guda ba shi da wannan madogara.

To, mene ne abin yi? Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1981 tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Da wannan lamba ake binciko tarihinta a wurare irin su Carfax, a ga haɗarin da ta yi da nisan da ta ci. Bayan haka a biya wani masani a can ya je filin ya dube ta da idonsa, domin gani ya kori ji. A lissafa dukkan kuɗi har zuwa ƙofar gida kafin a yi tayi, a kuma ƙayyade iyakar da ba za a wuce ba, don zafin tayi yakan ɗebe hankali. Motar ambaliya kuwa a bar ta ko da kyauta ce.

Akwai kuma nauyi a kan dillalan gida. Wanda ya sayo motar haɗari, ya kai wa mai gyaran bodi aka buge ta aka fesa mata fenti, sa'an nan ya ajiye ta a bakin titi yana rantsuwa cewa lafiyayyiya ce, ya ci amanar mai saye da duk wanda zai shiga motar. Ya wajaba ya faɗi aibinta, ya nuna hotonta na ranar gwanjo, mai saye ya yi zaɓi da saninsa.